etcd: manhajar da ba ta da yawan surutu

Kusan duk mai kula da Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan na'urori masu yawa, yana hulɗa da etcd, wata manhajar adana bayanai, ko ya sani ko bai sani ba, domin a cikinta ake ajiye bayanin halin da komai yake ciki. Ni abin da ya sa nake yaba mata shi ne tattalin saƙo.

Aikinta ta sa na'urori da yawa su tsaya a kan magana ɗaya, ko da wasunsu sun mutu. Tsarin Raft take bi, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout suka fitar a 2014. Na'ura ɗaya ce shugaba. In rubutu ya zo, sai ta tura wa mabiya, kowacce ta adana a faifanta ta amsa. Da zarar mafi rinjaye sun amsa, magana ta zauna. Mabiya ba sa zance da juna a kan rubutun. Na'urori biyar, aike huɗu, amsa huɗu, shi ke nan.

A wani tsarin cimma matsaya mai suna PBFT, na Miguel Castro da Barbara Liskov, na 1999, kowa sai ya aika wa kowa, har zagaye biyu. Ka ninka na'urori sau biyu, saƙonni su ninku kusan sau huɗu. Amma fa surutun ba na banza ba ne, kariya ce daga na'urar da ke shirga ƙarya. Ita etcd ta ɗauka na'ura mutuwa take yi ko ta yi shiru, ba ta yaudara. In duk na'urorin naka ne, ciniki ya yi kyau. In akwai wanda ba ka amince da shi ba a ciki, nemi wata manhajar.

Na fi jin daɗinta in na kashe shugabar da gangan don gwaji. Duk bayan milisakan 100 shugabar take aika bugun zuciya, wato ɗan saƙon da ke nuna tana raye. Mabiya suka ji shiru ya wuce milisakan 1000, sai ɗaya ta nemi ƙuri'a. Ina kallon allo lambar zangon shugabanci ta ƙaru, sabuwar shugaba ta hau, rubutu ya ci gaba.

Ita etcd tana son faifai mai sauri, a ba ta irin wanda ake kira SSD, don faifai mai nawa yana jinkirta bugun zuciya har a yi ta zaɓe babu dalili. Kuma kada a ƙara na'ura ta huɗu da sunan ƙarin tsaro: uku suna jure mutuwar ɗaya, huɗu ma ɗayan ce. Mai son jure mutuwar biyu sai ya kai biyar.