Pandoc a shagon shirya rubutu na Tudun Wada

Sana'ata shirya rubutu. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma aikin da ake kawo mini bai wuce furojet ɗin ɗalibai ba, da ƙananan littattafan malamai, sai labaran marubuta, galibinsu mata, waɗanda suka yi ta sakin labari kaɗan-kaɗan a WhatsApp har ya kammala, yanzu suna son ya zama littafi. Kowa da fayil ɗaya yake shigowa, amma so yake ya fita da na bugawa a takarda, da na karantawa a waya, wani lokaci har da wanda za a ɗora a intanet. Manhajar da nake wannan juye-juye da ita sunanta Pandoc. Abokan sana'a sun sha tambayata ko ta cancanci wahalar koyo, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar gaba ɗaya.

John MacFarlane ne ya ƙirƙire ta, farfesan falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, ya fitar da ita a 2006. Da harshen kwamfuta na Haskell aka rubuta ta, kyauta ce, kuma kowa na iya duba cikinta. Asalinta laburare ce ta masu rubuta manhaja, wato wani ginin da ake ɗora wasu manhajoji a kansa, har masu Python ma suna kiranta ta hanyar pypandoc. Mu 'yan shago kuwa ta baƙin allon nan da ake rubuta umarni muke shiga. Ba ta da maɓallan dannawa, ba ta da hoto. Wannan kaɗai ya kori mutane da yawa tun kafin su gwada, alhali umarnin da nake bugawa kullum layi ɗaya ne:

pandoc labari.docx -o labari.epub --toc

Wato a juya fayil ɗin Word ya zama EPUB, littafin karantawa a waya, da shafin abin da ke ciki. Kafin ka ɗauke hannu daga kan kibod an gama. Ba ta neman intanet da zarar ka sauke ta, ba ta cin batir, don haka ko an ɗauke wuta ina iya ƙarasa littafi a kan tsohuwar laftof ɗina ba tare da na tayar da janareta ba.

Sai an gane yadda take aiki sannan za a daina jin haushinta. Ba ta ɗaukar shafin Word ta kwafe kamanninsa. Karanta fayil take yi ta ware tsarinsa zalla: wannan kanun babi ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne, wannan bayanin ƙasan shafi ne, wannan kalmar an kaurara ta. Launi, girman harafi, irin font, faɗin gefen takarda, duk watsar da su take yi. Daga wannan tsarin ne take sake gina rubutun a sigar da ka nema, ko EPUB, ko HTML na shafin intanet, ko LaTeX na shirya rubutun bugawa, ko wani Word ɗin sabo, ko ma rubutun Wikipedia. Injin niƙa ce: in ka kai hatsi da tsakuwa a ciki, gari mai tsakuwa za ka kwaso.

Tsakuwar farko ita ce kanun babi. Mutanenmu ba sa amfani da Heading 1 na Word. Sai mutum ya rubuta BABI NA UKU da manyan baƙaƙe, ya kaurara, ya ƙara girma, ya yi ta danna sifes har ya kai tsakiyar shafi. Ido zai ce kanu ne, Pandoc kuwa sakin layi kawai take gani. Sakamakon haka littafin zai fito a dunƙule, babu rabon babi, shafin abin da ke ciki kuma wayam. Maganinsa a Word yake, a bi kowane kanu a ɗora masa Heading 1. Yaron shagona ya riga ya san shi ne aikinsa na farko ga duk fayil ɗin da ya shigo.

Ta biyu ita ce ta fi damun Hausa, kuma a kanta ne na fi ganin amfanin manhajar. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su yi sauƙin samu a kwamfuta da waya, an yi dabarar wasu font na musamman: ka danna q ya nuna maka ƙ, ka danna x ya nuna ɗ, ka danna v ya nuna ɓ. Wasu kuma alamomi suka ara, shi ya sa har yanzu ake cin karo da }asa da ]aya da ~arawo a tsofaffin takardu. Dabarar ta yi aiki a zamaninta, amma a cikin fayil ɗin q ɗin yana nan a q, font ne kawai yake sauya masa fuska. Tunda Pandoc ba ruwanta da font, abin da ke ƙasa shi take fitarwa. Wata marubuciya daga Unguwar Rimi ta buɗe littafinta a waya a gabana, ta ga layin farko yana cewa qofar xakin a buxe take. Ta ɗago a firgice.

"Malam, ai ka lalata mini littafi."

"Hajiya, haka yake tun ranar da kika rubuta shi. Font ne yake rufa masa asiri a kwamfutarki."

"To yanzu sai an sake bugawa daga farko?"

Ba sai an sake ba. Tun siga ta 2.0 da ta fito a 2017, Pandoc tana karɓar 'yar matata da ake rubutawa da harshen Lua, wadda take bin kowace kalma tsakanin karantawa da fitarwa. Tawa ba ta cika rabin shafi ba. Tana mayar da q zuwa ƙ na gaskiya, wanda lambarsa a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ita ce U+0199, x zuwa ɗ mai lamba U+0257, v zuwa ɓ mai lamba U+0253, haka manyansu. Da an yi wannan, harafin ya zauna ke nan a kowace waya, ana iya bincika kalma a same ta, ana iya kwafa a liƙa a Facebook ba ta canza ba. Wurin hattara shi ne baƙin kalmomi. Matata ba ta san Turanci ba, za ta mayar da vitamin ya koma ɓitamin, ɗalibin da ya rubuta chi-square a babin nazarin bayanai ya tarar da chi-sƙuare. Na ajiye jerin kalmomin da ba a taɓawa, ina ƙara masa duk lokacin da sabon aiki ya zo da nasa. Qur'ani ne kaɗai yake cin ribar abin, domin Ƙur'ani dama shi ne daidai a ƙa'idar rubutunmu. Za a ce ai Word ma yana da nemo-ka-sauya. Yana da shi, amma sai ka yi shi harafi-harafi a kowane fayil, matatar kuwa sau ɗaya ake rubuta ta.

A cikin matatar na cusa gyaran 'y. Mu a Najeriya da ɗan waƙafin sama muke rubuta 'yan da 'ya'ya, mutanen Nijar kuma suna da harafinsu ƴ. Word yakan ɗauka waƙafin farkon kalma buɗe zance ne, sai ya juya shi baibai, Pandoc kuma ta kwaso shi yadda ta same shi. Yawancin masu karatu ba za su lura ba. Ni ina lura, kuma yana ci mini rai a littafin da aka kashe wa kuɗi.

Labaran WhatsApp nasu halin daban ne. Ba na kai su Word ma, ina zuba su a fayil na Markdown, wato rubutu tsura mai 'yan alamomi, wanda shi ne ainihin gidan Pandoc. Sai dai alamomin biyu sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kalmar da aka sa tsakanin taurari biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, WhatsApp kaurara ta yake yi, Markdown kuwa karkata ta yake yi, sai an ninka taurarin take kauri. Alamar igiya (~) da ake soke kalma da ita a WhatsApp, a wajen Pandoc saukar da kalmar ƙasan layi take yi kamar 2 ɗin da ke cikin H₂O. Sannan marubutanmu suna son yanka layi a inda suka ga dama, Pandoc kuma tana haɗe layukan da ba a bar fili tsakaninsu ba su zama sakin layi guda, sai in ka kunna hard_line_breaks. Ga waƙa akwai hanya mafi kyau: a sa alamar sanda a tsaye (|) a farkon kowane ɗango, baitin ya tsaya yadda mawaƙi ya jera shi. Na shirya wa wani dattijo daga Rigasa waƙarsa 'yar ƙwar biyar da haka, ko ɗango ɗaya bai zame ba, har ɗan shigar da yake yi wa na biyar ya fito.

A saman fayil ina rubuta sunan littafi, da na marubuci, da lang: ha domin na'urar karatu ta san Hausa ce, da toc-title domin shafin farko ya ce Abin da ke ciki maimakon ya yi Turanci. Malaman da suke kawo aya ko hadisi a tsakiyar bayani, ana iya yi wa wannan gaɓar alamar lang=ar da dir=rtl ta tafi daga dama zuwa hagu. A EPUB da HTML wannan yana fita lafiya. Cikakken littafin ajami kuwa ban ba kowa shawarar ya fara koyo da shi ba, domin a nan rigimar font ce da wasula, ba ta juya fayil ba.

PDF shi ne inda sabon shiga yake karaya. Pandoc ba ta haɗa PDF da kanta, miƙa wa wata manhajar take yi, kuma wadda take fara nema ita ce pdflatex. Ita kuwa da ta ci karo da ƙ sai ta tsaya cak ta ce ba a tanadi wannan harafi ba. Dole ka ce mata ta yi amfani da xelatex, ka kuma ba ta font mai ɗauke da haruffanmu. Charis SIL nake sa wa littattafai, Andika ga na yara, dukansu kyauta ne. In font ɗin ba shi da harafin, gargaɗi kawai za ta yi ta wuce, shi ya sa 'yan fuskokin dariya da kuka da marubuta suke cika labari da su suke ɓacewa a takarda, abin da ban taɓa yin baƙin cikinsa ba. Matsalar ta gaske nauyi ce. Pandoc kanta ba ta da girma, amma cikakken TeX Live, ƙunshin da pdflatex da xelatex suke ciki, gigabait da yawa ne, wanda yake sayen data da kuɗinsa ya san ma'anar wannan. Tun 2023 an ƙara mata Typst a cikin injinan PDF, shi kuma ƙarami ne, ga sauri. Ƙananan ayyuka yanzu da shi nake yi.

Ga ɗalibai rabin aiki take yi. Tun 2020 aka haɗa mata citeproc, mai tsara manazarta, a ciki, don haka in an tattara manazarta a fayil ɗaya za ta jera su da tsarin APA ko wanda sashe ya nema, sunan da aka ambata a cikin rubutu kuma ba zai ɓace a ƙarshe ba. Haka in malami ya yi gyara da sharhi a gefen fayil, --track-changes=all yana fito da su duka a gani. Da --reference-doc kuma ina ba ta wani fayil na Word da na riga na saita font da tazarar layi, ta bi shi. Amma shafin take, da shafin sa hannun malamai, da lambobin Romawa a shafukan farko kafin a koma 1, 2, 3, waɗannan a Word nake ƙarasa su da hannu. Katin biki, kalanda, fosta, takardar gayyatar walima, kada ma a kawo zancensu, aikin CorelDRAW ne.

Akwai Calibre, ita ma kyauta, tana juya Word zuwa EPUB da danna maɓalli, kuma wanda littafi ɗaya kawai zai yi a rayuwarsa ita nake nuna masa. Abin da ya sa ban zauna a kanta ba, tana ƙoƙarin riƙe kamannin da ta tarar, har da kwamacalar da ke ciki. Wanda kuwa rubutun mutane ne abincinsa, kwana biyun da zai ɓata yana sabawa da baƙin allo ba asara ba ce.

Abu biyu ne ba ta karantawa sam. Tsohon fayil mai .doc na Word ɗin da, sai na fara buɗe shi da LibreOffice na mayar da shi .docx. Na biyun PDF: tana fitar da shi, ba ta shigar da shi. Malamai da yawa suna zuwa da PDF kaɗai, wanda ya buga musu littafin shekarun baya ya tashi daga shagonsa, asalin fayil ɗin ya tafi da shi. In rubutun cikin yana kwafuwa, mukan kwashe shi mu bi layi-layi muna gyarawa. In kuwa hoton shafi ne aka ɗauka, sai yaro ya zauna ya sake bugawa, kuɗin wannan kuma a kan kowane shafi nake yanka shi.