Zanen saƙin da na saya wurin yaran nan na Tawa

Wata huɗu ke nan ina ɗaura shi, na wanke shi ya fi sau goma, saboda haka yanzu ina da bakin magana.

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya da rumfa a gaba, ba nisa da babbar kasuwa. Samari uku ne da ƴan mata biyu suka haɗa kai. Ranar farko ƙarar masaƙa ce ta tsayar da ni a bakin hanya. Rabona da jin ta tun ina yarinya a gidan kakana a Illela ta jihar Tawa, kafin gwanjo da atamfar waje su sa masaƙanmu su rataye ƙoshiya. Na leƙa, sai ga saurayi da bai fi shekara 25 ba zaune a ramin saƙa, ƙafafunsa na taka, ƙoshiya na kai da kawo. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa Inna, bismilla ga tabarma."

Abin da ya sa na ciro kuɗina shi ne duk abin da na tambaya sun san asalinsa. Audugar daga wajen Ƙonni suke sayo ta. Wasu tsofaffin mata ne ke gurza ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, kuma ana biyansu ranar da suka kawo, ba a ce su dawo gobe. Baba kuwa, wanda ake rini da shi, su ke noma abinsu a wani fako da gero ya daɗe da ƙi. Tassa suka yi masa: a haƙa ƙananan ramuka tun da rani, a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka ya zauna a ramin maimakon ya gudu. Manoman Illela sun rungumi wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1980, bayan wasunsu sun je Yatenga ta Burkina Faso sun gano da idonsu. Mahaifina ya yi ta, na san zafinta a baya da kafaɗa. Ganin yaran da suka yi lakwal sun koma mata da kansu ya yi mini daɗi ƙwarai.

Ɗaya daga cikin ƴan matan ta kai ni bayan shago ta nuna mini rinin. Ta tsoma zare cikin ruwan baba da toka, ta ciro shi kore shar. Ina tsaye ina kallo iska ta buge shi, ya riƙa juyewa a hannunta har ya zama shuɗi. Ta ce sau shida za ta tsoma kafin ya kai duhun da nake so. Ratsin ruwan ƙasa da ke bakin zanen kuma da ɓawon albasar Galmi suka yi shi, wanda ake sharewa a zubar a kasuwa.

Jika 18 na biya. Da tsada, kuma na faɗa musu. Amma da na lissafa kwanakin kaɗi da rini da saƙa, ban iya neman ragi ba.

Zanen yana da nauyi a hannu, da farko har da ɗan kaushi, wanki uku ya yi laushi. Cikin zafin watan Mayu na ɗaura shi zuwa wurin aiki, bai manne mini a jiki ba kamar yadin roba. Shuɗin yana nan daram. Ratsin albasar ne ya ɗan koɗe, ya yi haske, ko da yake ni hakan ma ya fi mini kyau.

Inda suka ɓata mini rai biyu ne. Sun ce sati biyu, sai da na yi biyar ina zarya, bikin ɗiyar ƙanwata da na yi niyyar sa shi ya wuce. Sannan ba wanda ya gargaɗe ni cewa sabon rini yana zuba: ranar farko farar rigata ta ciki ta tashi da shuɗi a ƙugu. Na koma wurin wadda ta nuna mini rinin na ce, "Ɗiyata, wannan ai magana ɗaya ce da kin gaya mini." Ta ba ni haƙuri, ta ce in wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Ɗinkin da ya haɗa ƙwarya biyu ma ya ɗan warware a gefe, suka gyara nan take ba su karɓi ko dala ba.

Wanda ke son nasa don sallah ya je wata biyu kafin lokaci, kuma ya tambayi rana tsayayya. Ni na riga na ba da rabin kuɗin gwado, na ce ina son shi kafin hunturu ya shigo.