Wasiƙa daga York: allon da ya ratsa titi da ɗakin da ke bayansa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni abin da ya kai ni mashaya har na zana ta na aiko maka da hoton zanen, alhali ka san ba a taɓa saninmu da giya ba a gidanmu. Hankalinka ya kwanta, ban canja ba, kuma ga yadda abin yake.

York tsohon birni ne a arewacin Ingila, Rumawa suka kafa shi a shekara ta 71, kuma har yau ganuwarsa tana tsaye, mutane suna hawa suna zagaya gari a kanta. A wani matsattsen titi mai suna Stonegate, wanda ya nufi babbar majami'ar garin, akwai wani dogon allo da aka gicciya daga bene zuwa bene a saman kawunan masu wucewa, ɗauke da sunan Ye Olde Starre Inne. Tun 1733 ake rataye allo a wannan wuri, ita kuwa mashayar tana da lasisi tun 1644. Allon ne ya ja ni, domin ni da na fara koyon sana'a da rubuta sunayen shaguna da zana jikin manyan motoci ba zan iya wuce irin wannan aiki ban tsaya ba. Asalin al'adar ma ya burge ni: a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su kafa alama a ƙofa, kuma da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka riƙa zana tauraro ko zaki ko kambin sarauta, hoton ya zama sunan gidan.

Ginin kansa yana can cikin lungu, sai ka bi wata siririyar hanya kafin ka isa. Ciki ƙananan ɗakuna ne, rufin ƙasa-ƙasa, katakon ya yi baƙi saboda tsufa da shafar hannu, hasken rana kuma yana shigowa ta gilashi mai launi ya kwanta a kan tebur kamar an zuba man ja. Na yi kwana uku ina haɗa fenti kafin na sami wannan launi, kuma har yanzu ban gamsu ba. Hukuma ta sa ginin cikin jerin waɗanda ba a taɓa fasalinsu sai da izini, amma a ganina abin da ya fi riƙe shi shi ne kullum ana buɗe shi, ana sharewa, ana cin kasuwa a ciki. Sai na tuna badalar Kano da yadda ake yankar ta ana gine-gine, raina ya sosu.

Batun hidima kuwa, nan ne za ka sha mamaki. Babu yaron da zai zo ya tambaye ka abin da kake so. Kai ne za ka tashi ka je kanta, ka jira, ka faɗa, ka biya nan take, yawanci da kati, ka ɗauko abinka da hannunka. Ba a yin layi a zahiri, amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, kuma in ya yi kuskure wanda aka fifita da kansa zai nuna ka. Ciniki babu, bashi babu, gyara ma babu. Mai shayin bakin layinmu ya fi su sanin mutum nesa ba kusa ba, shi da yake sanin yawan sukarinka, ya rubuta maka bashi har ƙarshen wata, ya tambaye ka jikin tsohuwa. Su kuma sun fi shi cika mudu: babban kofinsu mililita 568 ne a doka, ko'ina ka je. Ruwan famfo kyauta ne in ka roƙa, shi ma doka ce ta ɗora musu, kuma tun 2007 aka hana shan taba a ciki.

Ni lemo nake sha ko shayi, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Shayin dai ruwa-ruwa ne, kuɗinsa kuma in ka juya shi zuwa naira zai ciyar da majalisa guda da burodi da ƙwai. Amma na gane cewa wurin zama ake sayar maka, domin da kofi ɗaya sai na yi awa biyu ina zane a ɗaki mai ɗumi ana sanyi a waje, ba wanda zai ce in tashi. Abinci sai da lura: naman irin waɗannan wurare galibi ba yankan Musulmi ba ne, kifin da suke soyawa da dankali ma sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, don haka sai na tambaya tukuna.

Rana nake zuwa, lokacin da tsofaffi da masu yawon buɗe ido da iyaye da 'ya'yansu suka fi yawa. Da dare, musamman Juma'a da Asabar, tsakiyar gari yakan cika da hayaniyar mashaya, ni kuwa lokacin na daɗe da komawa gida. Zanen na biyu, wanda na yi daga farfajiya, zan aiko maka da shi da zarar fentin ya bushe. A gaida Hajiya, a ce mata ina samun masallaci ranar Juma'a.