HubSpot CRM na kyauta, ga masu iya rubuta manhaja amma ba su iya talla ba

Wallahi duk injiniyan da ke ganin ƴan talla surutu kawai suke yi ya gwada wannan abun, wato CRM ɗin kamfanin HubSpot, manhajar ajiye bayanan kwastomomi da bibiyar ciniki da su. Kowane kwastoma kana buɗe masa kati, kana jan katin daga "mun gaisa" zuwa "ya ga farashi" zuwa "ya biya", nan ido zai buɗe, don za ka ga katuna sun cunkushe a tsakiya ba mai motsi alhali manhajarka lafiya lau take aiki, matsalar ba wanda ya sake kiran mutanen ne kawai. Tunatarwar bibiya ita ta fi burge ni, CRM ɗin yana ma nuna maka in an buɗe imel ɗinka. Manyan abubuwan dai sai ka biya, wannan kam a sani.

Kamfanin ma mutum biyu suka kafa shi a 2006, Brian Halligan ɗan talla, Dharmesh Shah injiniya. Ni fa har yanzu ina ganin gina manhaja shi ne tushe, in kaya ba kyau kwastoma gudu zai yi, amma kuɗin a hannun mai buga wa kwastoma waya suke shigowa.