Hattara da Mai Tallan Kwanson Harsashin Igwa a Maraɗi

Jama'ar Maraɗi, ku yi hattara da wani mutum da ke yawo da buhu a kan babur yana tallan kwanson harsashin igwa, wai na jiragen ruwan yaƙin Turawa ne. Ya ci ƙanena jaka ɗari da hamsin, kuɗin da ya tara don gyaran ɗakinsa.

Tun farko ya nuna masa kwanso ɗaya mai tsawon kamu guda, da rubutu a gindinsa, ya ce Turawa masu tara kayan tarihi neman irinsa suke ruwa a jallo. Bayan kwana biyu sai ga wani alhaji da babbar riga, wai daga Katsina ya zo, ya juya kwanson, ya gyaɗa kai, ya ce a haɗa masa uku zai biya ninki huɗu. Yaro ya ruga ya saya. Daga ranar wayar alhaji a kashe take. Ashe bakinsu ɗaya.

Da ya kawo mini su maƙera, hannunsa na rawa, ya ce, "Yaya, duba mini don Allah." Shekara ashirin ina aikin tagulla, kuma kwanson gaske ya sha ratsa hannuna cikin tsofaffin ƙarafa. Na gaske daga dunƙulen tagulla guda ake matso shi a inji, ba ya da haɗi. Waɗannan kuwa bututu ne aka yanka, aka lika masa gindi da walda, aka goge, aka shafa toka da baƙin mai don ya yi kamar ya tsufa. Na sa farce na kankare, sai ga layin haɗin ya fito fili.

Rubutun gindin ne ma ya fi tona asirinsa. Kowace ƙasa da irin hatiminta. Ingila tana buga wata alama mai kamar kan kibiya, kayan sojan ruwanta kuma ana ƙara musu harafin N. Sojan ruwan Jamus na zamanin sarauta kambi suke bugawa da harafin M a ƙarƙashinsa, tare da sunan masana'anta kamar Polte ta Magdeburg, da wata da shekara. A kan kwanso ɗaya na ƙanena akwai kibiyar Ingila, ga kuma kambin Jamus a gefenta, da shekarar 1917. Ƙasashen da ke ɓarin wuta da juna daga 1914 zuwa 1918, yaushe suka zauna suka haɗa hatimi? Mai bugawar hoto kawai ya gani a waya ya kwaikwaya. Cikin ramin haruffan ma ƙyalli yake yi, bakinsu na kama yatsa, alhali bugun da ya shekara ɗari yakan dushe ya yi launi ɗaya da sauran jikin.

Mai tallan ya kuma ce wai tun zamanin Bule, hafsan sojan Faransa, aka binne su wajen Maijirgi. Ayarin Bule a 1899 ya ratsa ƙasar nan, shekara 18 kafin shekarar da shi kansa ya buga. Kuma mu nan ko teku ba mu da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya ce wa ƙanena yana da wasu "cikakku, da kansu", sun fi tsada. In da gaske ne, wannan ba kayan ado ba ne, ajali ne. Tsohon harsashin da bai fashe ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa, da bugun guduma ko zafin wuta. Kada ku taɓa, kada ku ɗora a babur, kada yara su matsa kusa, ku sanar da jandarma. A halin tsaron da ake ciki ma, a tare ka a hanyar Dan Isa da irin wannan a buhu, ba ka da bakin magana.

Mun kai ƙara, an karɓi bututun uku a matsayin shaida. Mutumin bai shiga hannu ba tukuna, kuma an ce mini ranar Juma'a an gan shi da buhunsa kusa da babbar kasuwa.