Farafin, kakin zuma ko na waken suya: wanne zai jure zafin bazara?

Duk wanda zai shiga sana'ar kyandir, ko man leɓe, ko man takalmi, ko rinin kamfala, kafin ya tambayi farashin kaki gara ya tambayi a digiri nawa yake narkewa. Yawancin bidiyon koyon sana'a da ke yawo a YouTube da TikTok daga Amurka da Turai suke fitowa, inda zafin ɗaki bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle a shagon kwano ko bayan mota. Kuma kaki ba ya jira sai ya kai matakin narkewarsa kafin ya saki jiki. Tun da sauran rata yake fara laushi, kyandir ya lanƙwashe, man leɓe ya dagwalgwale a aljihu.

Abin da ake kira kaki a kasuwa ba jinsi ɗaya ba ne. Farafin daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma ba komai a cikinsa sai sarƙoƙin kabon da haidurojin, kowace sarƙa da ƙwayoyin kabon tsakanin 20 zuwa 40. Iya tsawon sarƙar, iya taurin kakin da jurewarsa ga zafi. Kakin da halittu ke yi kuwa, irin na ƙudan zuma da na ganyen itace, galibinsa sinadari ne da masana ke kira esta, wanda ke samuwa idan doguwar sarƙar tsamin mai ta haɗu da doguwar sarƙar alkohol (ba irin wadda ke bugarwa ba, wannan daskararriya ce). Sai na waken suya, wanda a haƙiƙa mai ne aka cusa wa haidurojin har ya daskare, kamar yadda ake yin majarin, wato botar man tsiro. Abin da ya haɗa su shi ne ruwa ba ya ratsa su, suna daskare a zafin ɗaki, kuma idan sun narke sukan tsinke.

Farafin shi ne na talaka, kuma babu abin kunya a ciki. Wani Bajamushe, Karl von Reichenbach, ya gano shi a 1830, kuma tun daga tsakiyar wancan ƙarni ya ture kitsen dabbobi daga sana'ar kyandir. An gina matatar man Kaduna da sashen da ke fitar da man inji da kwalta da kaki, amma mafi yawan wanda za ka tarar a hannun masu sayar da sinadarai a yau shigo da shi ake yi, musamman daga Sin. A jikin buhu ko kwali za ka ga lambobi irin 56/58 ko 58/60 ko 60/62. Ba lambar kamfani ba ce, matakin narkewa ne a ma'aunin Salshiyos. Don kyandir mai tsayuwa da ƙafarsa a ƙasarmu, kada ka sayi ƙasa da 58/60, in ka samu 60/62 ma ya fi.

Abu na biyu da za ka duba shi ne tacewa. Wanda aka tace sosai fari ne fat, ba wari, man da ya rage a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mai rabin tacewa ya fi araha, yakan ɗan yi maiƙo a hannu, ya kuma fi hayaƙi. Akwai ɗanyen kaki mai launin ƙasa-ƙasa da ke ɗauke da mai sosai, wannan na masana'antar ashana da katako ne, kada ya kusanci fatar mutum. Gwajin ba wuya: ɗora ɓalli a kan farar takarda, ka ajiye a wuri mai ɗumi. In ya bar tabon mai mai faɗi, ba a tace shi da kyau ba, ko da me mai shago ya faɗa.

Masu kyandir na ƙara wa farafin sitiyarin, wani farin sinadari mai tauri da ake samu daga mai ko kitse, misalin kashi 10 cikin 100, don ya ƙara tauri da fari, ya kuma fita daga mazubi cikin sauƙi. A nan akwai tambayar da ya kamata musulmi ya yi: sitiyarin na iya fitowa daga man kwakwar manja, yana kuma iya fitowa daga kitsen dabba. Ga kyandir mutane da yawa ba sa damuwa, amma wanda zai sa shi a man shafawa ya nemi na tsiro, irin wanda ke zuwa daga Malesiya da Indonesiya.

Kakin waken suya shi ne ɗan yayi. A Amurka aka fara shi a farkon shekarun 1990, kuma ya samu karɓuwa a wurin masu kyandir mai ƙamshi da ake zubawa a kofin gilashi. Yana ci a hankali, yana wankuwa da ruwan zafi da sabulu in ya zube. Sai dai irin da aka fi sayarwa don kofi yana narkewa ne a wajen digiri 50. A bazara za ka ga ya yi gumi a sama, turaren da ka haɗa ya tsattsafo, saman ya yi fari-fari kamar ya yi fumfuna. A ganina wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, kuma kayansa za su yi tafiyar mota daga Kano zuwa Abuja, kada ya yi amfani da shi zalla. Ya gauraya shi da kakin zuma ko farafin mai tauri, kuma ya tsaya a kyandir ɗin kofi. Maganar cewa farafin guba ne, na waken suya kuma magani, yawancinta talla ce. Hayaƙin kyandir ya fi ta'allaƙa ga girman lagwani da yawan turare da iskar da ke kaɗa harshen wutar.

Kakin zuma ne nake so mu daɗe a kai, domin shi ne namu, kuma shi muka fi wulaƙantawa. Ƙudan zuma ma'aikata, 'yan kwana 12 zuwa 18 da ƙyanƙyashewa, su ke fitar da shi daga wasu kafofi takwas da ke ƙarƙashin cikinsu, su tauna su gina saƙa. Kiyasin da aka saba ji shi ne sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su samar da kilo ɗaya na kaki, shi ya sa yake da tsada a ko'ina. Habasha da Tanzaniya sun daɗe suna fitar da shi zuwa ƙasashen waje suna samun kuɗi. A wurinmu kuwa, masu amya da dama in sun matse zuma sai su watsar da saƙar. Wanda ke kusa da masu kiwon zuma zai iya sayen wannan saƙa da araha, ya zuba a ruwa ya dafa a hankali, ya tace da ƙyalle, ya bar shi ya kwana. Da safe zai tarar da faifan kaki a saman ruwa, dattin ya taru a ƙasansa sai kankarewa.

Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, ya fi yawancin farafin jure zafi, kuma yana da danƙo, ba ya karyewa kamar farafin. Wannan danƙon ne ya sa ya fi dacewa da man leɓe da man faso a hunturu: kashi ɗaya na kaki, kashi uku ko huɗu na man kaɗanya da man kwakwa, a ƙara kakin kaɗan in don bazara ake yi. Shi ne kuma maƙeran Agadas ke sassaƙa siffar gicciyensu da shi, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin ya fita, su zuba azurfa a gurbinsa, dabarar da masu tagullar Benin suka shahara da ita.

Launinsa ba ya nuna tsarkinsa. Sabuwar saƙa na ba da kaki mai haske, tsohuwar da aka yi ƙyanƙyasa a cikinta ko wadda aka ɗebo da wuta na ba da mai duhu, duk kuwa na gaske ne. Mai duhun ya isa man takalmi da gyaran fata, mai hasken a bar wa kayan shafa. Matsalar ita ce algus. Saboda tsadarsa, ana narka farafin a ciki a sa masa kala. Na gaske yana ƙamshin zuma mai sanyi. In ka karya shi, bakin karayar ba ya sheƙi, yana da gari-gari. In ka murza shi a yatsa yakan yi laushi ya miƙe ba tare da maiƙo ba, in ka kankare da wuƙa yakan naɗe. Wanda aka cika wa farafin yakan yi santsi da ƙyalli, ya farfashe. Idan ya daɗe a ajiye ka ga farin gari ya fito masa a jiki, kada ka tsorata, na gaske kan yi haka. Waɗannan gwaje-gwajen na kama babban ha'inci ne kawai. Algus kaɗan sai ɗakin gwaji. Saboda haka sanin wanda ka saya a hannunsa ya fi kowane gwaji.

Akwai wasu irin kaki biyu da ba a saya da buhu, sai da cokali. Kanoba daga ganyen wani giginya-giginyan itace ake kakkaɓo shi a arewa maso gabashin Burazil, a jihohin Piyawi da Siyara. Sai ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa, kuma yana daga cikin mafi taurin kakin da halitta ke bayarwa. Shi ke sa mota da takalmi sheƙi, shi ake shafa wa alewa da ƙwayoyin magani, a jikin kwalin abinci za ka gan shi da lamba E903. Shi kaɗai ba ya aiki, tsagewa yake yi, amma ɗan kaɗan a cikin jan baki ko man leɓe na hana shi narkewa a jaka. Kandelila kuwa daga wani tsiro na hamadar arewacin Meziko yake, yana narkewa a wajen digiri 70, kuma rabin abin da za ka sa na kakin zuma ya wadatar.

Mai rinin kamfala lissafinsa daban ne. Farafin zalla na tsattsagewa a jikin yadi, rini ya bi tsagar ya bar waɗannan siraran jijiyoyi da wasu ke so. Kakin zuma na manne wa zare ya ba da zane mai tsafta. Don haka gauraya su ake yi, wanda ke son jijiya ya rinjayar da farafin. Masu gyaran jiki kuma su lura cewa kakin cire gashi na kanti haɗi ne da ƙaron itace, ba a maye gurbinsa da na kyandir. Halawar cire gashi da aka gada daga Sudan sukari ce da lemon tsami, ruwa ke wanke ta, kuma tana nan da arahanta.

Ko wanne ka zaɓa, fara da kilo ɗaya ko biyu, ka yi samfuri, ka ajiye shi a inda ya fi zafi a shagonka na tsawon mako kafin ka sayi buhu. In abin shafawa ne za ka sayar a Najeriya, yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don haka ka riƙa neman takardar bayanin kaya daga dillali tun sayen farko. Wajen narkarwa kada ka ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Sa kwanonsa cikin tukunyar ruwan zafi. Kakin zuma na fara canza launi in ya wuce digiri 85, kuma tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla na ɓata masa launi, gara ta ƙarfe marar tsatsa. Idan kaki ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe tukunyar da murfi. Kada a watsa masa ruwa, domin ruwan zai tashi da shi ya fantsama wutar.