Intune a jami'a: kwamfutoci sun kamu, wayar malami kuwa sai da lallami

Ma'aikacin banki idan aka ba shi kwamfuta aka kulle komai, shiru zai yi ya ci gaba da aikinsa. Malamin jami'a ba haka yake ba. Laftof ɗin da aka saya masa da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, gani yake tasa ce halak malak: ya zuba manhajar da ya ga dama, ya tafi taro da ita, ya dawo gida yara su yi kallo a ciki. Alhali makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna duk suna cikinta. Mu da ke sashen kwamfuta, mu ake kira idan ta ɓata ko ta kamu da cuta, shi ya sa muka shiga neman manhajar da za mu riƙa kula da na'urorin ma'aikata daga wuri guda. Guda uku muka duba, a ƙarshe muka tsaya a kan Intune.

Jamf Pro bai daɗe a lissafinmu ba. Na Apple ne kawai, masu Mac kuwa a wajenmu ba su taka kara sun karya ba. Endpoint Central na ManageEngine, reshen kamfanin Zoho na Indiya, shi ya fi jan hankalina da farko. Yana da nau'in kyauta na na'urori 25, wanda ya isa a gwada, kuma ya iya sabunta manhajojin wasu kamfanoni irin su Chrome da Zoom ba tare da wahala ba. Sai dai nau'in da muka duba ana ɗora shi ne a sabar jami'a, ita kuma saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zama a kanta, wuta take so dare da rana. Wanda ya san kuɗin dizal da halin wutarmu ya san abin da nake nufi.

Abin da ya ba Intune na Microsoft nasara shi ne lasisi. Yana cikin kunshin Microsoft 365 A3 da A5 na makarantu, kuma komai a sabobinsu yake, ba mu da injin da za mu yi gadi. A kula, Office 365 A1 na kyauta da jami'o'i da yawa ke ba malamai imel da shi ba ya ɗauke da Intune. Farashin kuma dala yake bi, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowace sabuntawa sai an zauna da ofishin basa, wato ma'ajin jami'a, an yi dogon bayani. Idan jami'a ba ta riga ta sayi A3 don wani dalili ba, lissafin zai iya canjawa gaba ɗaya.

A kan kwamfutocin Windows mallakin jami'a, gaskiya ya biya ni. Da Autopilot, tsarin da ke saita sabuwar kwamfuta da kansa, malami zai buɗe kwali, ya haɗa da intanet, ya shiga da imel ɗin jami'a, sai Office da saitin tsaro da kalmar sirrin waya-fai su sauko da kansu. Mun huta da yawo ofis-ofis da filashi. Sharaɗin shi ne a riga an yi wa na'urar rajista da lambar shaidarta, 'yan kwangilar da ke kawo mana kaya kuwa yawancinsu ba su taɓa jin zancen ba, don haka mu muke kunna kowace mu ciro lambar. Wani lokacin ma su kawo masu Windows Home, wadda ba ta shiga wannan tsari sai an ɗaga ta zuwa Pro ko Education.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne BitLocker. Duk laftof ɗin da ta shiga tsarin ana rufe bayananta, makullin ceto kuma ya tafi ya zauna a Entra ID, rumbun Microsoft da ke riƙe da asusun ma'aikata da na'urorinsu. Wata Asabar da dare wani farfesa ya kira ni daga Abuja, gobe zai gabatar da maƙala.

"Injiniya, ta ƙi buɗewa. Allo ya yi shuɗi, wai in ba ta wasu lambobi."

"Ranka ya daɗe, akwai wata lambar shaida a ƙasan rubutun, karanto mini guda takwas na farko."

Ya karanto, na duba a wayata, na tura masa lambobi 48 ɗin. Da da ne, sai dai a ce Allah Ya mayar da alheri. Haka kuma ranar da aka sace laftof ɗin wata ma'aikaciyar ofishin jarrabawa a tasha: na'urar ta tafi, amma ɓarawon bai samu komai ba sai ƙarfe. Kada a dogara da goge bayanai daga nesa, domin umarnin ba ya isa sai kwamfutar ta hau intanet. Rufe bayanan tun farko shi ne kariyar.

Ya kuma taimaka a batun Windows 10, wadda tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Daga allo guda muka ga waɗanda ke da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da za su ɗauki Windows 11, da tsofaffin da sai dai a sauya. Takardar da muka kai wa shugabanni da lambobi a ciki ta fi roƙon baki tasiri.

Sai dai mai amfani da shi yana buƙatar haƙuri. Na'ura takan leƙo neman sabon umarni kusan duk bayan awa 8, kodayake sau da yawa saƙon yana isa kafin nan. Wanda ya saba danna abu ya ga sakamako nan take sai ya koyi jira. Sabuntawar Windows ta Talata ta biyu a kowane wata ma tana cin layin intanet, sai da muka kunna tsarin da kwamfutocin gini ɗaya ke rarraba wa juna abin da ɗaya ta sauko da shi. Masu Linux a kimiyya da injiniyanci kuwa, akwai tallafin Ubuntu, amma bai kai rabin abin da ake yi wa Windows ba.

Wayoyi su ne inda ƙura ta tashi. Wayar malami da kuɗinsa ya saya, kuma mutanen da suka shekara da shekaru suna ja-in-ja da gwamnati a kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, ba za ka ce musu kawai su miƙa wayarsu ga hukumar jami'a ba. Wani babban malami ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Wato yanzu ku za ku riƙa karanta saƙonnina da na iyalina?" Na yi masa bayani cewa Intune ba ya ganin hotuna, ko saƙonnin tes, ko kiran da ya yi, ko shafukan da ya buɗe. Abin da yake gani shi ne irin su samfurin waya, da nau'in Android ɗinta, da manhajojin aiki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a'a. Ban ga laifinsa ba.

Mafitar da muka samu tana cikin Intune ɗin: a bar wayar, a kare manhajar. Ba a yi wa wayar rajista sam. Outlook da Teams ne kawai ke neman lambar sirri kafin su buɗe, su hana kwafe saƙon aiki zuwa wata manhaja, kuma ranar da mutum ya yi ritaya ko wayar ta ɓata, bayanan jami'a kaɗai ake gogewa, hotunan suna da na biki suna nan. Wannan ya karɓu, har ga masu Tecno da Infinix. Cikakkiyar rajista mun bar wa wayoyin da jami'a ta saya, irin na masu gadi da direbobi. Ga dokar kare bayanai ta 2023 ma, gara jami'a ta riƙe abin da ya zama dole kawai.

Abin da babu manhajar da ta magance shi ne malamin da zai ɗauki hoton takardar maki ya jefa a zauren WhatsApp na sashe. Wannan aikin majalisar jami'a ne.

Ga jami'ar da yawancin kwamfutocinta Windows ne kuma tana da A3, ban ga dalilin sayen wani abu daban ba. Inda Mac ta yi yawa, a duba Jamf. Kafin komai dai a rubuta a takardar kwangila cewa kowace laftof ta zo da Windows Pro ko Education, da TPM 2.0, kuma mai kawowa ya miƙa lambobin Autopilot kafin a sa hannu a biya shi.